Washegarin Kisa

Da wuya ka sami ɗan damben da ya daɗe yana sa zare wanda ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Dokar wasan ce ta sa haka. Ba sai an sumar da mutum ba, da zarar gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Turmi uku ake yi, amma sau da yawa ba a kaiwa na biyu. Mutum ya yi wata da watanni yana shiri, ya biya kuɗin mota daga Gusau zuwa Kano, ya shiga fili ana kaɗa masa takensa, kafin ɗan kallo ya gama gyara zama sai ya ji ihu ya tashi, ga gwaninsa zaune cikin ƙura. Wanda ya yi kisan a ɗaga shi sama a yi ta masa liƙi. Wanda aka kashe kuwa 'yan gidansu su kama shi su fitar.

Daga nan 'yan kallo ba su ƙara sanin labarinsa ba, sai ranar da suka sake ganinsa a fili. Abin da ke faruwa tsakanin waɗannan ranaku biyu shi ne gwanintar da ta fi burge ni a dambe, fiye da kowane irin naushi. Mutane kan ce ai zuciya ce, ko taurin rai. Akwai zuciya a ciki, amma ita kaɗai ba ta kai mutum shekara goma a fili. Masu zuciya zalla su ne ake gani shekara ɗaya ko biyu suna tashe, daga nan su ɓace da karyayyen hannu. Riƙe atisaye duk da faɗuwa da rauni da talauci abu ne mai ƙa'idoji, ana koyonsa wurin na gaba, kuma akwai waɗanda suka iya shi ƙwarai.

Sai an dubi tsayuwar ɗan dambe kafin a gane abin da atisayensa yake karewa. Ƙafafu a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe, jiki ya karkata gefe. Hannun da ba a ɗaure ba yana miƙe gaba da tafi a buɗe, shi ne garkuwa, da shi ake auna tazara, a kare fuska, a ture abokin karawa ko a rufe masa ido. Hannun da aka naɗe da ƙyalle aka ɗaure tamau da zare yana can baya a ɗane, shi ne mashi. Ɗan kallo idonsa na kan mashin, amma ƙarfin naushin daga ƙafar baya yake tasowa, ya bi ta ƙugu, ya hau kafaɗa, hannu isar da shi kawai yake yi. Shi ya sa abin da ke fara gajiya a jikin ɗan dambe shi ne cinya da kafaɗar garkuwa. Idan cinya ta gaji mutum ya miƙe tsaye, ƙafarsa ta yi sako-sako a ƙasa, ko turi aka yi masa sai ya dafa. Idan kafaɗa ta gaji garkuwa ta sauka ko da taƙi ɗaya ne, ta wannan kafar mashi ke shigowa. Kisan da ake gani a turmi na uku yawanci kisan gajiya ne, tun a gida aka yi shi, a safiyoyin da mutum bai fita gudu ba.

Atisayen kansa ba wani abin mamaki ba ne. Gudu bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Tsallen kwaɗo da tsallen igiya. Buhun yashi a rataye a reshen bishiya, ko tsohuwar tayar mota. Ƙarfen ɗagawa da aka haɗa da siminti a gwangwanaye biyu. Sai damben iska, wato mutum shi kaɗai yana zagaye yana kai naushi yana kaucewa, har tsayuwar ta zauna masa a jiki. A da sana'ar ma tana taimakawa, domin dambe wasan rundawa ne, kuma wanda ya tashi yana kayar da sa yana fiɗa yana saɓa cinya a kafaɗa ya riga ya yi rabin aikin. Yau 'yan dambe sun haɗa da 'yan dako da leburorin gini da makanikai da 'yan acaba, kowa da irin abin da aikinsa ke ba jikinsa da abin da yake hana shi. Abin lura shi ne babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗin shiga ko wutar lantarki ko wani gini na musamman. Wannan ita ce dabara ta farko. Atisayen da bai dogara da komai ba, rashin komai ba ya tsayar da shi. Ɗan damben da tafiya ta kai shi garin da bai san kowa ba zai sami hanyar da zai yi gudu da dakalin da zai yi tsalle a kai.

Dabara ta biyu ita ce sanin yadda jiki ke zubar da abin da ya tara, domin ba lokaci ɗaya yake zubarwa ba. Numfashi ne ke fara tafiya. Mako biyu zuwa uku na zama sun isa mutum ya ji ƙirjinsa ya canza. Ƙarfin tsoka ya fi jimawa, yakan ɗauki makonni kafin raguwarsa ta bayyana sosai. Iyawa kuwa, wato sanin lokacin kaucewa da lokacin saki, tana iya shekaru ba ta goge ba. Haɗarin yana cikin wannan bambancin. Wanda ya yi wata uku a zaune kansa yana tuna masa komai, idonsa yana ganin kafa, zuciyarsa tana ce masa shi ne na da, alhali huhunsa da jijiyoyin gaɓoɓinsa ba su san da wannan magana ba. Jijiya kuma ta fi tsoka jinkirin dawowa. A nan ne ake samun targaɗe da gocewar kafaɗa a makon farko na komawa.

Sai dai akwai labari mai daɗi a ciki. Masana motsa jiki sun daɗe da nuna cewa riƙe abin da aka tara bai kai tara shi wahala ba. Wanda ya rage yawan atisayensa har zuwa kashi ɗaya cikin uku, muddin bai rage zafinsa ba, yana iya riƙe mafi yawan ƙarfinsa da numfashinsa na tsawon makonni masu yawa. Tsofaffin 'yan dambe sun san haka tun kafin a rubuta shi. Idan lokaci ya ƙure musu ba sa cewa tunda ba zan sami awa biyu ba bari in haƙura. Sukan yi minti ashirin mai zafi, gudu da ƙarfi kan tudu sau da yawa, sannan su wuce kasuwa. Wanda bai iya ba shi ne mai cewa ko duka ko babu, kuma babu ce ke cin nasara a kansa.

Shekarar ɗan dambe cike take da abubuwan da ke katse shi. A da kakar dambe sananniya ce, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da ƙauye ke da hatsi da kuɗi da bukukuwa, rundawa su ɗauki makaɗansu su yi ta bin garuruwa. Damina ta faɗi kowa ya koma gona, huɗa da noma su riƙe masa baya da kafaɗa, hannun da ya sha wuya kuma ya huta. Yanzu da aka sami gidajen dambe na dindindin, irin na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da filin Ado Bayero a Kano, da na Maraba, da na unguwannin Hausawa a Legas, ana sa zare kusan duk shekara. Wannan ya kawo kuɗi da suna, amma ya ɗauke hutun da damina ke bayarwa kyauta. Ɗan damben yau sai ya yanka wa kansa damina da hannunsa, kuma ba kowa ke iyawa ba idan ana kiransa ana ambata masa kuɗi.

Hutun da ya rage na kowa da kowa shi ne azumi, lokacin da fili ke yin shiru har sai Sallah. Kwana talatin sun isa numfashi ya zube, ga kuma sauyin barci da na abinci. Masu hankali sukan mai da atisayensu dab da buɗa-baki, mai sauƙi, yadda ruwa na kusa, ko kuma bayan tarawihi idan ciki ya sauka. Damben Sallah shi ke tona asirin kowa. A turmin farko duk ɗaya suke, a na biyu ake gane wanda ya riƙe da wanda ya kwanta. Haka aka gani a ko'ina a 2020, lokacin da kullen korona ya hana taruwa aka rufe filaye. Haka kuma 'yan damben Zamfara da Katsina da Sakkwato ke fama shekara da shekaru da hanyoyin da ba sa biyuwa saboda 'yan bindiga. Wanda atisayensa ya rataya ga ranar wasa, idan ranar ta ɓace shi ma ya ɓace. Wanda ya mai da shi kamar wankan safe, duk ranar da fili ya buɗe a shirye za a same shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Babbar jarrabawa dai ita ce hannu. A damben zamani hannu biyu ke raba aiki, ga safa mai laushi. A namu hannu ɗaya ne ke ɗaukar duk dukan, kuma abin da yake duka ƙoƙon kai ne, ƙashin da ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba. Zare yana tattara yatsu ya ƙarfafa wuyan hannu, amma ba ya hana ƙananan ƙasusuwan bayan hannu karyewa, musamman wanda ke bayan ƙaramin yatsa. Karayar wannan ƙashi ta zama ruwan dare ga masu naushi har likitoci suka laƙaba mata sunan 'yan dambe. Ƙashin yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya haɗe, kuma haɗewa daban, iya ɗaukar duka daban. Da yawa wurin mai ɗori suke zuwa, kuma akwai maɗora masu hannu. Ra'ayina dai shi ne a fara ɗaukar hoto a asibiti, domin idan ƙashin ya murɗe ya haɗe a karkace, yatsa zai riƙa hawa kan ɗan'uwansa duk lokacin da aka dunƙule hannu, kuma wannan hannun ya gama dambe.

To me gwani ke yi a waɗannan makonni? Ba ya zama, kuma ba ya taɓa hannun. Ƙafarsa lafiya lau take, don haka gudu da tsallen kwaɗo suna nan, har yakan ƙara musu. Yakan juya kan garkuwa, hannun da a kullum ake mantawa da shi, ya yi ta ɗaga shi yana riƙewa har kafaɗar ta daina saurin sauka. Akwai ma wani abin ban sha'awa da bincike ya tabbatar, cewa motsa lafiyayyen hannu yana rage ramewar ƙarfin wanda ke ɗaure, domin wani ɓangare na ƙarfi a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo yake, ba a tsoka kaɗai ba. Da yamma kuma yakan je fili ya zauna cikin mutanensa, ya riƙe wa wani ruwa, ya kalli wasan da idon da mai shirin shiga ba ya da shi. Da yawa sukan dawo daga karaya sun fi da iya karanta abokin karawa, saboda a karon farko sun zauna sun yi kallo ba tare da jininsu na tafasa ba.

Komawar ma mataki-mataki ce. A fara da buɗe yatsu da rufe su cikin ruwan ɗumi, sannan matsa tsumma ko ƙwallon roba. Sai buhun dusa ko na tsummoki kafin a koma na yashi. Sai wasa da ɗan gida wanda ba zai saki hannu ba. Idan an shiga fili kuma a fara da wanda bai kai ka ba. Wannan jeri yana iya cin wata uku, kuma duk tsawonsa aljihu a bushe yake, domin abin da ɗan dambe ke samu daga zagayen fili ne da liƙi da abin da mai gida ya ba shi, sai gasa ta babur ko ta mota ga wanda ya kai. Wanda ba ya sa zare ba ya samu. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ba su yarda su saki sana'arsu ta hannu ba. Teburin nama ko garejin makanikai shi ke ba mutum ƙarfin cewa ban warke ba tukuna.

Wanda ba shi da wannan madogara shi ne ke faɗawa hannun ƙwaya. Tiramol yana kashe zafi, mutum ya ɗaura zare kan ƙashin da bai gama haɗewa ba ya shiga fili, ya fito da karaya biyu a madadin ɗaya. Zafi saƙo ne jiki ke aikowa, wanda ya toshe shi ya toshe mai gaya masa gaskiya, ban da farfaɗiya da jaraba da ƙwayar ke jawowa idan aka yawaita. Batun layu da tsaga da shafe-shafe tsohon abu ne a dambe, kowa da abin da ya gada, amma su kansu masu ɗaura layar sun san ba ta maye gurbin gudun asuba. Ƙwaya kuwa cewa take za ta maye gurbin hutu, kuma ta kassara samari masu kyau da yawa da wannan alkawari.

Akwai raunin da ba a ɗorawa, wato kunya. A da idan aka kashe ka a wani ƙauye, waɗanda suka gani su suka gani, labari ya yi kwana biyu ya mutu. Yanzu kowane ɗan kallo da waya a hannu. Tun wajen 2017 da tashoshi irin Dambe Warriors suka fara ɗora wasanni a YouTube, dambe ya sami masu kallo har ƙasashen da ba su taɓa jin sunansa ba, kuma faɗuwar mutum ta zama abin da ake maimaitawa a Facebook da TikTok, a rage mata gudu, a sa mata kiɗa, a tura wa surukansa. Wannan ya kori samari da yawa daga fili fiye da yadda karaya ta kora. Amma ka ga abin da gwani ke yi da bidiyon nan. Yakan zauna da maigidansa su kalle shi sau da yawa, ba wurin faɗuwar ba, daƙiƙu biyar kafin ta. A nan za a ga ƙafar da ta haɗe da 'yar'uwarta, ko garkuwar da ta bi hannun yaudara ta bar fuska a buɗe. Abin da aka gani shi zai zama atisayen wata guda. Abin da aka yi don a tozarta shi ya zama malaminsa.

Sannan ba ya gaggawar ramuwa. Al'adar fili ta ba kowa damar ya ƙi wanda ya nemi su sa zare, ko da 'yan kallo za su yi masa ihu. Yaro mai zafin kai washegari yake neman wanda ya buge shi, da jiki mai tsami da zuciya mai ɗaci, a sake buge shi, daga nan tsoro ya shiga, kuma tsoro ya fi kunya wuyar fita. Wanda ya san abin da yake yi yakan bar wata biyu ko uku, ya yi wasanni da tsaransa har ƙafarsa ta dawo, sannan ya je ya tsaya gaban mutumin.

Duk wannan da wuya mutum ya yi shi shi kaɗai, kuma dambe bai bar kowa shi kaɗai ba. Ko sunayen sun nuna. Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane, kowa yana ɗauke da sunan wanda ya rene shi a fili. Yaro yakan fara da ɗaukar jaka da ruwa, ya yi sharar fage da tsaransa kafin manya su fito, ya kwana inda maigida ya kwana. Sama da maigida kuma akwai ɓangare, Kudu ko Arewa ko Guramada, waɗanda ke zama wuri guda a fili su ci tare su yi tafiya tare. Amfanin wannan ga atisaye a fili yake. Ranar da ka ji ba ka son tashi, akwai wanda zai buga maka ƙofa. Ranar da rauni ya zaunar da kai, akwai inda za ka ci tuwo, in ta yi tsanani a yi maka ajo a tara maka abin da ya samu. Ga kuma makaɗi. Mai kalangu ba ya daina kaɗa taken mutum don an kashe shi jiya. Yana shigowa fili zai ji shi, da kirarinsa cikakke ba a rage komai ba, kuma mutane da yawa wannan sautin ne ya dawo da su. Waƙoƙin makaɗi Ɗan Anace sun sa har yau ana ambaton 'yan dambe Shago da Ɗandunawa a bakin waɗanda ba su taɓa ganinsu ba. Waƙa dai ranar fili take adanawa, safiyoyin da suka haifi ranar sai wanda ya zauna da mutanen ya san su.

Ba a dambe kaɗai abin yake ba, 'yan kokawar Nijar sun fi kowa sanin tsadar daƙiƙa ɗaya. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, sau ɗaya ake yin ta a shekara. Jihohi takwas, kowace da 'yan kokawa goma, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi, ko da zai ci gaba da karawa don jiharsa. Mutum ya yi shekara yana shiri, santsin ƙafa guda ya mai da shi sai baɗi. Duk da haka fuskokin da ake gani bana su ake gani baɗi, wasu har shekara goma suna zuwa kafin su taɓa takobin, wasu ba su taɓa shi ba har suka ajiye.

Daga Nijar ɗin ne kuma aka sami Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ɗan wasan taekwondo. Yana yaro aka hana shi wasan a gida, bayan wani ɗan'uwansa ya rasu sakamakon raunin da ya samu a wasan, kuma ba wanda zai ga laifin iyayen da suka yi haka. A Togo ya ci gaba da koyo, daga baya ya sami tallafin zuwa Jamus ya yi horo. A 2016 a Rio ya ciyo wa Nijar lambar azurfa, wadda ita ce lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu tun tagullar da ɗan damben zamani Issaka Daboré ya ciyo a Munich a 1972. A 2017 ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne abin da ya biyo baya. Ya je Tokyo bai samo lamba ba. Ga mutumin da ya riga ya sami suna da girma a ƙasarsa, babu wanda zai zarge shi in ya ajiye. Ya koma horo, ya sake neman gurbi, ya samu, ya shiga fili a Paris a 2024.

Darasin nan bai tsaya ga masu neman takobi ko mota ba. Samari da 'yan mata da ke koyon karate da judo da taekwondo a zaurukan wasanni da makarantu don kare kai suna ƙarƙashin doka ɗaya. Idan tsoro ya kama mutum, zuciya ta hau bugu, hannu ya hau rawa, dabarun da aka nuna masa sau ɗaya a taron kwana biyu duk guduwa suke yi. Abin da ke saura shi ne ɗan abin da jiki ya maimaita har ya daina tunani a kansa, yadda ake fizge hannu daga riƙo, yadda ake faɗuwa ba a bugu a ka ba, da numfashin da zai isa a gudu a tsira. Sau biyu a mako na shekara uku ya fi kullum na wata ɗaya. Mai jarrabawa, da mai jego, da wanda aiki ya kai wani gari, duk za su katse. Wanda ya dawo ya karɓi cewa zai fara daga ƙasa da inda ya tsaya, shi ne zai daɗe.

Akwai dai wuri guda da riƙe atisaye ke nufin a ajiye shi gaba ɗaya, kuma nan ne gwanintar ta fi wuya. Duka a ka ba kamar duka a hannu ba ne. Wanda aka sumar, ko ya tashi yana layi, ko ya kasa tuna yadda aka yi ya faɗi, ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza a cikin ƙoƙo. Alamun sukan biyo baya, ciwon kai da jiri da amai da rashin son haske da saurin fushi. Babu kumburin da za a nuna wa mutane, babu ɗauri, don haka kowa gani yake lafiyarsa ƙalau, shi ma haka yake gani. Amma duka na biyu kafin na farko ya warke yana iya barin lahani na har abada, yana iya kisa na gaske. A nan ko gudu sai an dakata har alamun su lafa, sannan a fara da tafiya. A damben zamani irin na Olamfik doka ce a rubuce, wanda aka sumar da duka a ka ba zai sake shiga fili ba sai bayan aƙalla kwana 30, in ya maimaitu a ƙara masa watanni.

A yawancin gidajen dambenmu abin da ke tsaye a madadin wannan doka mutum ne. Zare ba ya ɗauruwa da hannu ɗaya, dole sai wani ya ɗaura maka, kuma maigida na ƙwarai yakan ƙi.

"Kai yaro, makon nan ba za ka sa zare ba."

"Haba maigida, wallahi na warke. Ga shi can yana nemana."

"Na gan shi. Ɗauko ruwan nan ka zo ka zauna kusa da ni."

Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Maigidan yana da rabo a abin da yaron zai samo, ɓangarensa na buƙatar kisa a ranar, 'yan kallo na kira, mai gidan dambe na son ƙofa ta cika. Ya bar duk wannan saboda ya ga tsaransa da aka riƙa turawa fili a irin wannan hali, ya san yadda maganarsu ta koma da yadda hannunsu ke rawa yau. Irin waɗannan dattawa, tsofaffin 'yan damben da suka koma ɗaurin zare da alƙalanci, su ne suka riƙe rayukan yara da yawa ba tare da an taɓa kaɗa musu take a kan haka ba.

Sai dai ba kowane yaro ne ya dace da irin wannan maigida ba, kuma wanda aka hana a Kano yana iya hawa mota ya sa zare a Abuja jibi. Yanzu da dambe ya shiga gasar wasanni ta ƙasa, kamfanoni na zuba kuɗi ana haska shi a duniya, ya kamata masu gidajen dambe da shugabannin ɓangarori su zauna su mai da ƙin da dattawan nan ke yi doka guda da ta hau kan kowa. A sami ma'aikacin lafiya a bakin kowane fili, a rubuta sunan duk wanda aka sumar da ranar da abin ya faru, a aika wa sauran gidaje, kada kowa ya ɗaura masa zare sai kwana 30 sun cika.